Atisayen murɗa jiki da nauyi: Amfaninsa da haɗarinsa ga tsokokin kwiɓi

Atisayen murɗa jiki da nauyi wani nau'in motsa jiki ne wanda mutum kan zauna a ƙasa, ya ɗan jingina baya ba tare da ya dogara da komai ba, ya riƙe wani abu mai nauyi a gaban ƙirjinsa, sa'an nan ya riƙa juya gangar jikinsa dama da hagu.

Manufarsa ita ce ƙarfafa tsokokin kwiɓi, wato naman da ke gefen ciki tsakanin haƙarƙari da ƙashin ƙugu.

A ƙasashen Turai da Amurka an fi saninsa da sunan Russian twist, ma'ana murɗawa irin ta Rashawa, kuma 'yan dambe da 'yan ƙwallo da masu jifan mashi duk suna yinsa.

Matasa a garuruwa irin su Dutsin-Ma da Kurfi a tsakiyar jihar Katsina kan ci karo da shi a hotunan bidiyo na wayar salula, inda galibi ake tallata shi a matsayin maganin tumbi.

Sai dai kuma masana sun ce ba ya narkar da kitsen ciki, kuma idan aka yi shi ba bisa ƙa'ida ba yana iya yi wa ƙashin baya lahani.

Tsokokin kwiɓi

Bangon cikin ɗan Adam ya ƙunshi tsokoki iri huɗu manya.

Ta gaba akwai wadda ta miƙe daga ƙasan ƙirji zuwa mara, ita ce ke fitowa gida-gida a cikin mutumin da ba shi da kitse.

Sauran ukun a gefe suke, an jera su ɗaya a kan ɗaya kamar shimfiɗa.

Ta waje ta faro ne daga haƙarƙari takwas na ƙasa, ta gangaro a karkace zuwa gaba, kamar yadda hannu ke shiga aljihun gefe.

Ta tsakiya kuwa ta taso daga ƙashin ƙugu da tantanin da ke tsatso, ta haura a karkace zuwa haƙarƙari na ƙasa da tsakiyar ciki, don haka zarenta ya gitta na ta waje kamar saƙar tabarma.

Waɗannan biyun su ake nufi idan aka ce tsokokin kwiɓi.

Ta can ciki ta kewaye cikin ne a kwance kamar ɗamara.

Gittawar da biyun suka yi ita ce ke ba jiki ikon juyawa. Idan mutum zai juya hagu, tsokar waje ta ɓangaren dama ce ke haɗa ƙarfi da tsokar tsakiya ta ɓangaren hagu. Idan zai juya dama, sai aikin ya koma kan sauran biyun.

Ban da juyawa, su ne ke karkata jiki gefe, suna taimakawa wajen tari da atishawa da yunƙurin bayan gida da naƙuda, suna kuma tallafe kayan ciki.

Wani muhimmin aikin nasu shi ne hana motsi. A duk lokacin da mutum ya ɗauki bokitin ruwa da hannu ɗaya, tsokokin ɗaya ɓangaren ne ke ɗaurewa domin kada ya karkace.

Aikin gona da na kasuwa

A ƙidayar shekara ta 2006, ƙaramar hukumar Dutsin-Ma tana da mutane kimanin dubu 170, Kurfi kuma kimanin dubu 117, kuma mafi yawansu da noma da kiwo suka dogara.

Kusan duk wani aikin ƙarfi da ake yi a wannan yanki yana tattare da murɗa jiki.

Manomin da ke huɗa da garma yana sunkuye, yana yankar ƙasa yana kifar da ita gefe. Mai yankan ciyawa da lauje, da mai faskare, da mai loda yashi da shebur, da leburan da ke miƙa wa magini bulo, dukkansu daga ƙugu da kwiɓi suke ɗauko ƙarfin da ke isa hannuwansu.

Haka ma masuntan da ke jefa birgi a madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a kan kogin Karaduwa a shekarar 1983. Kafin birgi ya buɗe a sama sai masunci ya murɗa jikinsa baya, sa'an nan ya sake shi gaba ɗaya.

A cikin gida kuma, macen da ke daka ko jan guga ko ɗaukar tulu tana amfani da tsokokin ne wajen tsayar da gadon bayanta.

To amma rayuwa tana sauyawa. Dutsin-Ma gari ne na makarantu, inda akwai Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a shekarar 2011.

Ɗalibai da malamai da ma'aikatan ofis kan shafe yini a zaune, haka nan teloli da 'yan tireda da direbobin da ke zirga-zirga a kan hanyar Katsina wadda ta ratsa ta Kurfi.

Irin waɗannan mutane su ne suka fi bukatar atisaye na musamman. Shi kuwa wanda ya yini yana huɗa, abin da jikinsa ya fi bukata da yamma shi ne hutu, domin tsokokinsa sun riga sun yi aikinsu har sun wuce.

Dambe da kokawa

'Yan wasannin gargajiya sun daɗe da sanin cewa ƙarfin naushi ba a dantse kaɗai yake ba.

Ɗan dambe kan tsaya a karkace, hannun da ya naɗe da zare yana baya, ɗaya hannun kuma yana gaba yana karewa.

Idan zai kai naushi, ƙafar baya ce ke tokare ƙasa, ƙugu ya juya, kwiɓi ya ɗauki wannan ƙarfi ya miƙa shi ga kafaɗa, kafin ya isa dunƙulen hannu.

Idan kwiɓi ya yi rauni, to, wani kaso na ƙarfin zai zube a hanya, kamar ruwan da aka ɗebo a hudajjen guga.

A kokawa ma haka abin yake. Yawancin kayen da ake yi, ɗan kokawa kan cusa ƙugunsa ne ya murɗa abokin karawarsa a kai, shi kuma wancan yana ɗaure cikinsa domin kada a juya shi.

A jamhuriyar Nijar, inda kokawa ta fi kowane wasa farin jini, an fara gasar cin takobi ta ƙasa a garin Tahoua a shekarar 1975, kuma Kantu na Maraɗi, maƙwabciyar Katsina, shi ne ya fara ɗaukar takobin.

Akwai darasi a cikin yadda waɗannan 'yan wasa ke juyawa. A tsaye suke yi, kuma ƙafafu da ƙugu da ƙirji suna tafiya tare. Atisayen zaune kuwa yana kafe ƙugu a ƙasa, kuma daga nan ne muhawara a kansa ta samo asali.

Yadda ake yinsa

Ana farawa ne da ɗumama jiki na minti biyar zuwa goma, ta hanyar tafiya da sauri ko sassarfa a wuri ɗaya.

Daga nan sai a zauna a kan tabarma ko darduma mai ɗan kauri, a lanƙwashe gwiwoyi, a kafa dugadugai a ƙasa.

Sai a jingina baya sannu a hankali har a ji tsokokin ciki sun ɗaure. Galibi hakan na faruwa ne idan jiki ya kai rabin hanya tsakanin zama da kwanciya, wato kimanin digiri 45.

Wajibi ne gadon baya ya kasance a miƙe, ƙirji a buɗe, wuya kuma a saitin baya.

Ana riƙe abin mai nauyi da hannu biyu, kusa da ƙasan ƙirji.

Sai a juya ƙirji da kafaɗu gaba ɗaya zuwa dama, idanu suna bin hannuwa, a ɗan dakata, a dawo tsakiya, sa'an nan a juya hagu.

Ana fitar da numfashi a lokacin juyawa, a shaƙa a lokacin dawowa tsakiya.

Kowace juyawa ta ɗauki kimanin daƙiƙa biyu. Gwiwoyi su ci gaba da kallon gaba, kada su riƙa lilo suna bin hannuwa.

Ga mai farawa, juyawa takwas zuwa goma a kowane ɓangare ta isa zagaye ɗaya. Zagaye biyu ko uku sun wadatar, tare da hutun minti ɗaya a tsakaninsu.

Sau biyu ko uku a mako ya isa, kuma a bar aƙalla kwana ɗaya a tsakani, domin a lokacin hutu ne tsoka ke ginuwa.

Ƙwararru kan ɗaga ƙafafunsu daga ƙasa domin ƙara wa atisayen wuya. Wannan mataki ne na gaba, kuma yana ƙara wa tsatso nauyi, saboda tsokokin da suka haɗa cinya da ƙashin baya su ne ke ɗaukar aikin.

Nauyi nawa ya dace?

Masu horarwa sun fi son mutum ya fara da hannu kawai, ya haɗa tafukansa a gaban ƙirji, har sai ya iya kammala zagaye uku bayansa bai ranƙwafa ba.

Bayan haka sai ya ɗauki kilo ɗaya ko biyu. Ga yawancin mutane, kilo biyu zuwa biyar ya wadatar ko da bayan an saba.

A gidajen motsa jiki ana amfani da ƙwallo mai nauyi ko faifan ƙarfe, amma ba dole sai da su ba.

Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Ke nan babbar robar ruwa mai lita ɗaya da rabi ta kai kilo ɗaya da rabi, galan mai lita huɗu kuma kilo huɗu. Ledar ruwan sha guda ɗaya rabin kilo ce, saboda haka guda huɗu a cikin jaka sun ba da kilo biyu.

Ya fi kyau a cika robar taf, domin ruwan da ke kai da komowa yana fizgar jiki a ƙarshen kowace juyawa.

Bulo da jarka mai lita 25 da ƙarfen da matasa ke haɗawa da siminti a gwangwani duk sun yi wa wannan atisaye yawa.

Nisan abin daga jiki ma yana da tasiri kamar nauyinsa. Kilo biyu da aka riƙe a nisan santimita 60 daga jiki yana ja da ƙarfin da ya ninka sau uku na wanda aka riƙe a nisan santimita 20.

Don haka wanda yake son ƙara wa kansa wuya zai iya miƙe hannuwansa kaɗan, ba sai ya nemi abin da ya fi nauyi ba.

Kurakuran da aka fi yi

Na farko shi ne gaggawa. Idan aka yi sauri, nauyin ne ke jan jiki, kuma gaɓoɓin baya ne ke tsayar da shi a maimakon tsoka.

Na biyu shi ne ranƙwafa baya. Yakan faru ne idan gajiya ta zo, kuma da zarar ya faru ya kamata a tsaya, ko da ba a cika adadin da aka yi niyya ba.

Wasu kuma hannuwansu kawai suke wurgawa dama da hagu, ƙirjinsu yana kallon gaba. Wannan gajiyar da kafaɗu kawai yake yi.

Akwai masu dagewa sai abin da suka riƙe ya taɓa ƙasa a kowane gefe, abin da kan tilasta musu sunkuyawa da murɗawa a lokaci ɗaya.

Sai kuma riƙe numfashi, wanda ke sa hawan jini ya yi sama na ɗan lokaci, ya kuma ƙara matsi a cikin ciki.

Muhawara a kan ƙashin baya

Ƙashin bayan ɗan Adam jerin ƙananan ƙasusuwa ne. Bakwai suna wuya, 12 suna saitin haƙarƙari, biyar suna tsatso, sauran kuma sun haɗe da juna a ƙasa.

A tsakanin kusan kowane biyu akwai wani matashi na guringuntsi, mai tauri a waje da taushi a ciki, wanda ke rage girgiza.

Ba duka sassan ne ke juyawa daidai ba. Ƙasusuwan saitin haƙarƙari na iya juyawa kimanin digiri 30 zuwa 35, amma biyar ɗin da ke tsatso, idan aka haɗa su duka, juyawarsu ba ta wuce digiri 10 zuwa 15 ba, saboda yadda suka sarƙe da juna.

Farfesa Stuart McGill, wanda ya shafe kimanin shekaru 30 yana nazarin ƙashin baya a jami'ar Waterloo ta ƙasar Kanada, yana cikin masu sukar wannan atisaye.

Gwaje-gwajen da aka yi a ɗakin bincikensa a kan ƙashin bayan dabbobi sun nuna cewa yawan lanƙwasawa yana raunana matashin guringuntsin, kuma haɗa lanƙwasawa da murɗawa yana ƙara lahanin.

Idan bangon matashin ya tsage, abin da ke cikinsa na iya bulluƙowa ya danne jijiya, ciwo ya sauka har cinya da ƙafa.

Sai dai wasu masanan, ciki har da Brad Schoenfeld da Bret Contreras a wani sharhi da suka wallafa a shekarar 2011, suna ganin ba za a kwatanta ƙashin matacciyar dabba da na rayayyen mutum ba, domin jikin mai rai yana hutawa, yana gyara kansa, yana kuma sabawa da aiki.

Amma ɓangarorin biyu ba su saɓa ba a kan cewa wanda ya riga yana da matsala a matashin guringuntsi ya kamata ya yi hattara da irin wannan motsi.

Batun yana da muhimmanci idan aka dubi yawan masu fama da ciwon. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce mutane miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon tsatso a shekarar 2020, kuma ana hasashen za su kai miliyan 843 a shekarar 2050.

Hukumar ta ce shi ne kan gaba a duniya wajen hana mutane gudanar da ayyukansu.

Ga manomi, makonni uku a kwance a farkon damina na iya nufin ciyawa ta cinye gona.

Wasu hanyoyin

Akwai atisayen da ke ƙarfafa kwiɓi ba tare da an murɗa tsatso ba.

Ɗaya daga ciki shi ne gadar gefe, wadda McGill ya sa a cikin atisaye uku da yake ba masu ciwon baya shawarar yi.

Mutum kan kwanta a gefe ɗaya, ya dogara da gwiwar hannu, ya ɗaga ƙugunsa daga ƙasa har jikinsa ya miƙe sambal, ya tsaya a haka na kimanin daƙiƙa goma, ya sauka, ya maimaita. Mai farawa zai iya dogara da gwiwoyin ƙafa maimakon tafin ƙafa.

Na biyu shi ne tafiya da nauyi a hannu ɗaya. A ɗauki galan ko bokiti, a yi taku 20 zuwa 30 a miƙe ba tare da karkacewa ba, sa'an nan a sauya hannu.

Na uku ana danganta shi da wani likitan motsa gaɓɓai na Amurka, John Pallof. Ana ɗaure roba mai talewa a jikin ginshiƙi a saitin ƙirji, a tsaya a gefe, a riƙe ta da hannu biyu, a tura hannuwan gaba, a hana robar juya jiki. Tsohon tif na keke ko na babur yana yin wannan aiki, muddin an tabbatar bai tsattsage ba.

'Yan wasa kuma kan yi murɗawar a tsaye, suna saukar da nauyin daga saman kafaɗa ɗaya zuwa gefen ɗayan ƙugu kamar mai sara da gatari, dunduniyar baya tana juyawa tare da jiki. Wannan ya fi kama da abin da ke faruwa a fagen dambe da gona.

Ko yana rage tumbi?

Bincike ya nuna cewa atisayen ciki kaɗai ba ya rage tumbi.

A wani nazari da aka wallafa a Amurka a shekarar 2011, an raba mutane 24 gida biyu, aka sa kashi ɗaya yin atisayen ciki iri bakwai, kwana biyar a mako, har tsawon makonni shida.

A ƙarshe tsokokin cikinsu sun ƙara juriya, amma kitsen cikinsu bai ragu ba idan aka kwatanta da na waɗanda ba su yi ba.

Dalili kuwa shi ne jiki yana ɗebo kitsen da zai ƙona ne daga ko'ina ta hanyar jini, ba daga wurin da ke motsi kaɗai ba.

A ƙasar Hausa an daɗe ana kallon teɓa a matsayin alamar hutu da wadata, amma likitoci sun ce kitsen da ke taruwa a cikin ciki yana da alaƙa da ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya.

Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne faɗin ƙugu. Haɗarin yana fara ƙaruwa idan ya kai santimita 94 ga namiji, ko 80 ga mace, ya kuma tsananta daga 102 ga namiji, ko 88 ga mace.

Abin da ke rage shi shi ne daidaita abinci, musamman rage sukari da lemon kwalba da soye-soye, tare da motsa jiki gaba ɗaya.

A ƙa'idojin da ta fitar a shekarar 2020, hukumar WHO ta shawarci kowane baligi da ya yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, kamar tafiya da sauri ko tuƙa keke, sa'an nan ya yi atisayen ƙarfafa manyan tsokoki aƙalla kwana biyu a mako.

Atisayen murɗawa wani ɗan yanki ne na wannan kashi na biyu.

Waɗanda bai dace su yi ba

Mai fama da ciwon tsatso, musamman wanda ke sauka ƙafa, bai kamata ya yi wannan atisaye ba sai da izinin likita.

Haka nan mai ƙaba ko gwaiwa, domin matsin da ke ƙaruwa a cikin ciki na iya ƙara turo hanji.

Wanda aka yi wa tiyata a ciki ko a baya sai ya jira har likitansa ya sallame shi.

Tsofaffin da ƙasusuwansu suka yi rauni, abin da ya fi shafar mata bayan ɗaukewar al'ada, ana hana su sunkuyawa da murɗawa da nauyi, saboda ƙashin baya na iya tsagewa.

Mai hawan jini ko ciwon zuciya kuma ya fara tuntuɓar likita.

Mata masu juna biyu ana ba su shawarar su bar shi, musamman bayan watanni uku na farko.

Bayan haihuwa, tsokar gaban ciki takan rabu biyu a wajen mata da yawa, har a iya sa yatsu a tsakani a saitin cibiya. Wannan rabuwa takan ɗauki makonni ko watanni kafin ta haɗe, kuma yin arba'in ba ya nufin ta haɗe.

Ya kamata mai jego ta bari ungozoma ko likita su duba ta tukuna, kuma wadda aka yi wa aiki aka ciro jaririn tana bukatar lokaci fiye da haka.

Ban da waɗannan, atisayen ya dace da mata kamar yadda ya dace da maza, kuma tun da tabarma da robar ruwa kawai yake bukata, ana iya yinsa a cikin ɗaki.

Lokacin da ya fi dacewa

A watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi a jihar Katsina kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. A irin wannan lokaci an fi son motsa jiki bayan fitowar rana kaɗan ko kuma da la'asar sakaliya.

Likitocin baya kan ba da shawarar kada a yi shi nan take bayan tashi daga barci, domin matasan guringuntsi kan tsotsi ruwa su kumbura cikin dare, abin da ke sa baya ya ƙage da sassafe. Tazarar kimanin sa'a ɗaya, da ɗan tattaki, na rage wannan.

Ba a yinsa a kan ƙoshi. Bayan cin tuwo ko shinkafa ana bukatar sa'o'i biyu ko fiye.

A watan azumi kuwa, mutane da yawa sun fi samun sauƙinsa da dare, bayan an sha ruwa abinci ya faɗa.

Alamomin da ke bukatar asibiti

Tsamin jiki da ke zuwa washegari, ya ƙaru a kwana na biyu, sa'an nan ya lafa, abu ne da aka saba gani ga wanda ya fara sabon atisaye.

Amma suka mai tsanani a kwiɓi da ta zo farat ɗaya, wadda kan ƙaru idan an yi tari ko dariya, tana iya zama alamar tsoka ta yage, kuma warkewarta kan ɗauki makonni.

Idan ciwo ya sauka cinya, ko ƙafa ta sage, ko ta rasa ƙarfi, a daina atisayen a ga likita.

Idan kuma mutum ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko fitsarin ya ƙi fita, ko ya daina jin taɓi a matsematsinsa, to, wannan lamari ne na gaggawa da ba ya jiran gobe.

Haka ma kumburi a mara ko maraina wanda ya ƙi komawa, tare da ciwo da amai.

Ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi da rama da gumin dare yana iya kasancewa tarin fuka ne ya kama ƙashin baya, cutar da ke warkewa idan an sha magani yadda ya kamata.

A watan Disamba na shekarar 2023, hukumar WHO ta fitar da ƙa'idojinta na farko a kan daɗaɗɗen ciwon tsatso, inda ta goyi bayan tsararren motsa jiki da wayar da kan majiyyaci, ta kuma yi gargaɗi a kan dogaro da ɗamarar baya da magungunan kashe zafi masu sa maye, dangin da tiramol yake ciki.

Mazauna Dutsin-Ma da Kurfi na iya farawa da asibiti mafi kusa da su, inda za a tura su gaba idan da bukata.

Akwai likitocin ƙashi da na motsa gaɓɓai, waɗanda aka fi sani da likitocin gashi, a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, da kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa a shekarar 1959.